Lambun unguwa na aikin sa kai: ta ina ake farawa, kuma me ke kashe shi?

Wata 'yar uwa ce ta turo tambaya, a taƙaice ta ce akwai wani kangon fili a unguwarsu a tsakiyar birni wanda ya zama juji, su kusan 25 sun yi shawara su share shi su maida shi lambu, aikin sa kai ba biya, abin da aka samu a raba a kuma taimaka wa gidajen da ba su da ƙarfi. Tana so ta san wane iri za su saya, wane taki ya fi, kuma abin zai ɗore kuwa ko ɓata lokaci ne kawai.

'Yar uwa sannunku da wannan niyya, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina aikin lambu da ƙungiyoyin unguwa irin taku, kuma abin yana cikin raina sosai, shi yasa zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri. Maganar iri da taki zan zo kanta amma sai can ƙasa, don gaskiya ba su ne ke kashe irin wannan lambun ba. Tumatir ba ya da wuyar sha'ani, in ya samu rana da ruwa zai yi. Abin da ke kashe lambun jama'a shi ne fili ba tabbas, ƙasa ba a gwada ba, ruwa ba tsari, sai babban cikinsu, an share fili daidai yawan mutanen da suka zo ranar farko alhali waɗanda za su ɗauki aikin a wata na shida ba su kai rabin rabinsu ba.

Mu fara da filin. Na waye? Kar ki ce min ba na kowa ba ne, a birni babu filin da ba na kowa ba, ko dai na hukuma ne ko na wani kamfani ko na magada da ba su gama rabo ba. Yanzu da yake juji ba wanda zai kula, amma ranar da kuka kwashe shara kuka zuba taki wuri yayi kore shar, ranar mai shi zai tuna da shi, don kun ƙara masa daraja da guminku. Wannan ba zato nake ba, ya faru a manyan birane. A New York a 1973 wata mata Liz Christy da abokanta suka share wani kango a Manhattan suka yi lambu, daga baya hukumar birnin ta basu hayar wurin dala 1 a wata, abin ya yaɗu har lambunan unguwa suka kai ɗaruruwa. To a 1999 sai gwamnatin birnin, lokacin magajin gari Giuliani, ta sa fiye da lambu 100 a gwanjo don filaye sun yi tsada, sai da wasu ƙungiyoyi biyu masu zaman kansu suka zuba miliyoyin daloli suka saye su ana gobe gwanjon sannan suka tsira. Na Los Angeles kam bai tsira ba, South Central Farm, eka 14, iyalai wajen 350 suna nomawa fiye da shekara 10, a 2006 aka fitar da su aka sa buldoza ta baje komai. Kinga ba rashin iya noma ne ya kashe shi ba, takarda ce.

Don haka kafin ku ɗaga shebur ku nemo mai filin ku zauna da shi a rubuta yarjejeniya, ko shafi ɗaya ne, kowa ya sa hannu da shaidu. A rubuta shekara nawa ya baku, ni ina ba da shawarar kar ya gaza 3, in an samu 5 ya fi, saboda gyaran ƙasa kanta sai ta ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ku fara ganin daɗinta. A rubuta in zai karɓi abinsa wata nawa zai baku sanarwa, kuma ya bari sai an girbe abin da ke ƙasa. A rubuta ko an yarda ku yi shinge, ku kafa rumfa, ku ajiye tanki, ku dasa itace. In kuma yace shi shekara ɗaya-ɗaya kawai zai iya, ba laifi, kar ku ƙi, amma sai ku yi lambun da za a iya ɗauka. A Berlin akwai wani lambu da aka fara a 2009, Prinzessinnengarten, da yake hayar filin gajera ce sai suka yi shukarsu cikin akwatunan roba da buhuna, in an ce a tashi sai a ɗora a mota. Wanda bai da tabbacin fili bai kamata ya dasa itacen da sai bayan shekara 4 zai fara 'ya'ya ba.

Sai ƙasa, kuma nan ne nake so ki natsu sosai tunda kin ce wurin juji ne. Ƙasar birni ba ƙasar gona ba ce, tana ɗauke da tarihin duk abin da aka taɓa yi a kanta. Babban abin tsoro shi ne gubar dalma. Shekaru da yawa ana zuba dalma a fetur, sai a 2021 ne ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina sayar da shi, kuma hayaƙin duk ya sauka a ƙasar gefen tituna. Ga tsohon fenti mai dalma da ke ɓarɓashewa daga bango, ga tsofaffin batir da ake fasawa ko a ƙona a juji, ga baƙin mai na garejin kanikawa. Dalma ba ta ruɓewa ba ta tafiya ko'ina, tana nan a saman ƙasa shekara da shekaru, ba wari ba launi, shuka ma za ta iya yin kyau a kanta ba ki sani ba. Kuma yara take fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a ce ba komai. A Amurka ma hukumar kare muhalli a 2024 ta sauke ma'aunin dalmar da take fara bincike a kai a ƙasar gidaje daga kashi 400 cikin miliyan zuwa 200.

Abin yi shi ne ku ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na filin, saman nan kamar santimita 15, musamman kusa da titi, jikin tsohon bango da inda ake ƙona shara, kowanne a ledarsa da alama, ku kai ɗakin gwaji na jami'a ko na ma'aikatar gona ku ce a duba dalma da sauran ƙarafa masu guba, ba ƙarfin taki kawai ba, don in baku faɗa ba sau da yawa na taki kawai za a duba muku. Ku kuma tambayi dattawan unguwa me aka taɓa yi a wurin, da ɗan gari akan ci gari, wani tsoho zai gaya muku abin da ba ya cikin kowace takarda. In gwaji ya gagara, to ku ɗauka kawai ƙasar ba ta da lafiya ku yi noma a samanta. Wato a shimfiɗa wani abu a ƙasa ya raba, a kafa akwati na katako ko bulo mai zurfin santimita 30, a cika da ƙasa mai tsabta da aka kawo daga wani wuri haɗe da taki. Faɗin akwatin kar ya wuce mita 1.2 yadda hannu zai kai tsakiya ta kowane gefe ba sai an taka ba. Hanyoyin tsakani kuma a rufe su da tsakuwa ko ɓawon itace ko busasshiyar ciyawa, don abin da mutane da yawa basu sani ba, yawancin dalmar da ke shiga jiki ba ta cikin tumatir take bi ba, ta ƙura ce da ƙasar da ke manne a ganye da hannun yaro da ya sa a baki. Masu 'ya'ya irin su tumatir, barkono da kabewa sun fi aminci, masu ganye da masu saiwa irin su latas da karas su ne ke kwasar ƙasa. A wanke komai da kyau, a fere na saiwa, a wanke hannu kafin a ci abinci, a bar takalmin lambu a ƙofa.

Rana kuma abu ne mai sauƙin dubawa, ki je filin da safe, da tsakar rana, da yamma ki ga inda inuwar benaye ke faɗawa. Masu 'ya'ya suna son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye, masu ganye za su yi haƙuri da awa 4.

Ruwa ne ba a wasa da shi. Bari in baki lissafin da zai taimake ku: ruwa milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Kayan lambu a matsakaicin yanayi suna son kamar milimita 25 a sati, wato lita 25 a kowane murabba'in mita, in ana zafi sosai ya kan ninka har ya wuce. To in kun shuka murabba'in mita 200, kinga lita 5,000 kenan a sati mafi ƙaranci, jarka mai lita 20 sau 250, waye zai ɗauko? Wannan lissafin kaɗai ya isa ya gaya muku girman lambun da za ku iya. Shi ma rufin gini haka lissafinsa yake, rufi mai murabba'in mita 50 in aka yi ruwan milimita 20 zai baku kusan lita 1,000 in akwai indararo da tanki, sai dai a bar na farkon ya zube don shi ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye, kuma a rufe tankin saboda sauro da yara. Ruwan kwata kuwa dan Allah kar ku kusance shi, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye. Ku lulluɓe ƙasa da busasshiyar ciyawa kauri kamar yatsu huɗu, yana rage ƙafewar ruwa sosai kuma yana danne ciyayi, a yi ban ruwa da sassafe a gindin shuka ba a kan ganye ba, a jiƙa sosai sau biyu ko uku a sati ya fi a yayyafa kullum.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, maganar mutane. Kin ce ku 25 ne. Ranar share fili za ku ma fi haka, za a zo da baro da manjagara ana raha ana ɗaukar hoto, kowa zai ji daɗi. Amma lambu ba a ranar biki yake rayuwa ba, yana rayuwa ne a ranar Talata da safe da ba kowa, ana rana, kowa na da aikinsa, kuma dole wani ya zo ya ba da ruwa. Abin da na saba gani shi ne bayan wata 3 zuwa 4 sai a koma mutum biyar ko shida, ba don sauran mugaye ba ne, a'a, wannan an canja masa wurin aiki, wannan ta haihu, wannan jarrabawa, rayuwa ce. To kuskuren shi ne a share fili gaba ɗaya daidai ƙarfin mutum 25, sai ciyawa ta fi ƙarfin shidan da suka rage, wuri ya koma daji, masu wucewa su ce ai dama mun faɗa, su kansu shidan gwiwarsu ta yi sanyi. Ku yi akasin haka. Ku shuka kwata ɗin filin kawai a shekarar farko, sauran ku rufe shi da kwali da busasshiyar ciyawa ya kwanta yana gyaruwa. Ƙaramin wuri mai tsabta yana jawo sababbin mutane, babban wuri da ciyawa ta cinye yana korar har na ciki.

Akwai tsari biyu, ko kowa da ɗan yankinsa, ko a noma gaba ɗaya a raba. Na gaba ɗaya ya fi daɗin faɗa kuma ya fi dacewa da niyyarku ta taimako, amma shi ne ya fi saurin lalacewa, don abin da aka ce na kowa ne kowa sai ya ɗauka wani zai yi. Na yanki-yanki kuma mutum yana kula da nasa amma ba mai share hanya ko gyara shinge. Ni na fi son a haɗa, kowane gida ko mutum biyu su riƙe akwati ɗaya da sunansu a jiki, sannan a ware kamar kashi ɗaya cikin uku na taimako wanda ake yi tare, kuma sharaɗin riƙe akwati shi ne ka ba da wasu awanni a na taren. A Seattle shirin lambunan unguwa da ake kira P-Patch, wanda ya faro tun 1973, haka suke, duk mai yanki dole ya ba da aƙalla awa 8 a shekara a aikin gama-gari, in mutum ya watsar da yankinsa a ba wanda ke jiran layi. Ba yawan awannin ne abin lura ba, a'a, an rubuta ne kuma ana bi.

Akwai wata malama Elinor Ostrom, ita ce mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi rayuwarta tana nazarin yadda jama'a ke kula da dukiyar da suka yi tarayya a kai, makiyaya, dazuka, ruwan noman rani. Abin da ta gano ya dace da lambunku tsaf: waɗanda suka ɗore su ne waɗanda aka san waye ɗan ciki waye ba ɗan ciki ba, masu aikin su ne suka tsara dokokin da kansu, akwai mai sa ido, hukunci yana hawa a hankali daga tunatarwa zuwa gargaɗi kafin a kai ga ƙwace, kuma akwai hanya mai sauƙi ta sasanta rigima. Don haka ku zauna tun kafin a shuka komai, lokacin da ba a yi faɗa ba tukuna, ku rubuta dokokinku a shafi ɗaya. Wa ke da makulli, wa ke ban ruwa wace rana, in mutum ba zai zo ba wa zai gaya wa, in akwati ya kwana sati 3 ba a taɓa ba me za a yi, ana feshin magani ko ba a yi, wa ke riƙe kuɗi kuma wa ke duba littafinsa. Jadawalin ban ruwa ya zama da suna, kar a rubuta "masu hali su zo", a rubuta wance da wane ranar Litinin, mutum biyu-biyu don in ɗaya ya gaza ɗaya na nan.

Sannan ke kanki 'yar uwa, tunda ke kika turo tambayar ina kyautata zaton ke ce uwar tafiyar, to ki kiyayi kanki. Lambuna da yawa sun mutu ne saboda mutum ɗaya mai kirki ya ɗauke komai, shi ke da makulli, shi ya san mai fili, shi ke sayen iri, ranar da ya gaji ko ya tashi daga unguwar sai komai ya tsaya cak. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun yanzu ki raba, wani ruwa, wani taki, wani kuɗi, wani tarbar sababbi, kuma a riƙa juya muƙaman duk shekara ko da kina ganin ke kika fi iyawa.

Tarihi ma ya nuna aikin sa kai yana da iyaka, kuma gara ku san wannan. A Detroit a 1894 magajin gari Hazen Pingree ya raba wa marasa aiki kangayen filaye su shuka dankali lokacin matsin tattalin arziki, da abubuwa suka gyaru shirin ya lafa. Lokacin yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun yi lambuna kusan miliyan 20 da suka samar da wajen kashi 40 cikin 100 na ɗanyen kayan lambun ƙasar, yaƙi na ƙarewa akasarinsu aka watsar. Waɗanda suka ɗore da yawan amfani, kamar na Havana a Kuba bayan rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, ko na Rosario a Ajantina da aka fara a 2002, za ki tarar hukuma ta ba da fili da horo, kuma masu noman suna sayarwa suna samun abin sawa a aljihu. Shi yasa nake cewa in lambunku ya girma, ba abin kunya ba ne ku sayar da wani kaso ku biya mutum ɗaya ɗan alawus ya riƙa buɗe ƙofa yana ban ruwa, wannan ba ya rage ladan sauran.

Batun rabo da sata, za a yi, ki sa a ranki. Wani zai tsinke tumatir ɗin da aka yi wata 3 ana jira kuma zai yi ciwo. Shinge yana taimakawa, amma maƙwabcin da tagarsa ke kallon lambun ya fi kowane kwaɗo, ku jawo shi ciki, ku riƙa kai masa ɗan abin da aka tsinka. Wasu kuma suna shuka layi ɗaya a wajen shinge su rubuta kowa ya tsinka. A wani ƙaramin gari a Ingila, Todmorden, tun 2008 suke shuka kayan lambu a bakin hanya har gaban ofishin 'yan sanda, duk mai so ya ɗiba. Na taimakon kuma ku tsara shi yadda ba za a tozarta kowa ba, a kai wa mutum gida a asirce, ba layi ba hoto, kuma in mai karɓa yana so ya shigo aikin a bashi akwatinsa, wannan ya fi masa mutunci.

To iri da taki da kika tambaya. Shekarar farko kar ku wuce kala biyar ko shida, ku zaɓi abin da mutanenku ke ci da gaske kuma mai saurin zuwa, ganye da ake yanka ya sake tohowa, latas da ke isa cikin sati 6 zuwa 8, albasa mai ganye, wake don yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, sai tumatir da barkono kaɗan. Ku sayi iri daga amintaccen wuri ku duba kwanan watan da ke jikin fakitin, ku tambayi ma'aikacin gona na yankinku lokacin shukar kowanne don wannan ya danganta da yanayin wurinku. Kar a shuka duka rana ɗaya, a riƙa yi duk bayan sati 2 don kar komai ya nuna lokaci guda ya lalace. Kar kuma a maimaita tumatir, barkono ko dankalin turawa a akwati ɗaya shekara biyu a jere, dangi ɗaya ne cutarsu ɗaya. Hatsi kam ku bar wa gona, lambun birni ba zai cika rumbu ba, ƙarfinsa a ɗanyen ganye ne da kayan da ke saurin lalacewa a hanya.

Taki ku yi naku, birni cike yake da kayansa. Busasshe kamar ganyen itace da yagaggen kwali kashi 2 zuwa 3, ɗanye kamar ɓawon kayan lambu da sabuwar ciyawa kashi 1, a jera a jiƙa yadda in an matsa a hannu zai yi danshi ba ya ɗiga, a juya duk sati ko biyu. In ya haɗu daidai cikinsa zai yi zafi har ya kai digiri 55 ko fiye, zafin nan ne ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, cikin wata 2 zuwa 4 ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasa. In yana wari ɗanye ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Kar a sa nama, mai, ko kashin kare da kyanwa, ɓeraye za su zo kuma maƙwabta za su juya muku baya. Kashin dabbobi ɗanye kuma kar a zuba shi kusa da girbi, ƙa'idar da masu noma ba sinadari ke bi a Amurka ita ce kwana 120 tsakanin zubawa da girbi ga abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Tsohuwar sharar jujin nan da za ku kwashe kuwa, duk yadda ta yi baƙi ta yi kama da taki kar ku zuba ta a akwati, ba ku san batir nawa aka fasa a ciki ba, a kira masu kwasar shara su tafi da ita, kuma masu aikin ranar su sa safar hannu da takalmi mai rufi saboda kwalabe da allurai.